Karayar Ƙugun Tsoho: Gado Ɗaya, Likita Biyu

Sau da yawa da asuba abin ke faruwa. Tsohuwa ta ɗauki buta za ta makewayi, santsi ya kwashe ta, ta faɗi a kan ƙugu. Ko da jikoki suka rugo, ƙafar ta gajarce, tafin ya karkata waje, ta kasa ko motsa ta. A ƙauyukan Illela, Malbaza da Ƙonni na jihar Tawa, maɗori ake fara aika wa.

Maɗori ya san hannunsa a karayar ƙauri da ta dantse. Amma wuyan ƙashin cinya yana can ƙarƙashin tsoka, inda karan ɗori ba ya kaiwa, kuma karayar takan katse jijiyoyin da ke kai jini kan ƙashin, sai ya ƙi haɗewa. Kwanciyar da ke biyo baya ita ce babban haɗari: gyambo a gadon baya, ciwon huhu, daskarewar jini a ƙafa, ga ruɗewar da iyali kan ɗauka tsufa ne kawai. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna biyu zuwa uku cikin kowane tsofaffi goma da suka yi wannan karaya ba sa cika shekara, ko a inda ake yin tiyata.

To, an kawo ta asibiti. Wane ɓangare zai karɓe ta? Masu tiyata sukan ce a fara saukar da hawan jininta, a daidaita suga. Likitocin ɓangaren jinya sukan ce ai karaya ce, ba tasu ba ce. Kowa da hujjarsa, kwana kuwa yana tafiya.

Ingila ta sha wannan gardama. A garin Hastings, tun wajen 1960, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka fara zagaya majinyata tare, suna tsayawa a bakin gado ɗaya. A 2007 ƙasar ta buɗe rijistar masu karayar ƙugu, a 2011 kuma hukumar lafiya ta NICE ta ba da shawarar a yi aikin ranar da aka kwantar da mutum ko washegari, a tashe shi tsaye kwana ɗaya bayan tiyata.

Jihar Tawa ba sai ta jira ƙwararrun likitocin tsofaffi ba kafin ta ɗauki wannan darasi. A kwantar da tsohuwa a ɓangaren tiyata, domin nan ne maganin karayar yake. Sannan a ɗora wa wani likitan jinya, wanda aka san sunansa, nauyin duba ta kullum tun daren farko: zuciya, ƙoda, ƙarancin jini, maganin zafi, abin da ta ci da abin da ta sha. Tsarin bai buƙatar sabon gini, sai rubutacciyar yarjejeniya tsakanin ɓangarorin biyu.

Akwai kuma zaɓin da ake yi tun kafin a isa ƙofar asibiti. Ƙonni na da asibitin gunduma. Galmi, a bakin babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi, na da asibitin mishan na SIM tun 1950, inda ake horar da likitocin tiyata. Babban asibitin jiha yana Tawa, fiye da kilomita 100 daga Ƙonni. Iyalin da ke yawo da mai karaya daga wannan zuwa wancan, a bayan a-kori-kura, suna ƙarar da kuɗin noman albasa da ƙarfin majinyaciya lokaci guda. Ya kamata hukumar lafiya ta jiha ta liƙa a bangon kowace cibiyar lafiya (CSI) sunayen asibitocin da ke iya aikin ƙugu, da lambar da ma'aikacin jinya zai buga ya tabbatar akwai likita, akwai jini, akwai ƙarfen dashe, kafin mota ta tashi. Maɗora ma a zauna da su cikin mutunci, a nuna masu alamomin karayar da ta fi ƙarfin kara.

Sai batun kuɗi. Tun 2006 Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani a asibitocin gwamnati. Kakar da ta goya su ta cancanci a duba nata kuɗin maganin, a fara da farashin ƙarfen da zai sa ta koma makewayi da ƙafarta.