Bencin Gaba Kawai Take Nema

Yau na ɗan ajiye zancen littattafai, domin akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Lokacin da muke aji huɗu na firamare akwai wata yarinya zabiya a ajinmu. Malaminmu yana da doka: gajeru gaba, dogaye baya. Ita kuwa doguwa ce, sai aka kai ta can ƙurya kusa da taga, inda hasken rana ke dukan fuskarta. Kullum za ka gan ta ta ƙanƙance ido tana leƙen littafin ta kusa da ita, kullum kuma sai an zane ta wai tana satar amsa. Mu kuwa dariya muke yi, a hanyar gida mu bi ta da waƙar tsokana. Kafin mu shiga aji shida ta daina zuwa. Muka ce daƙiƙiya ce. Sai da na girma na gane allon ne ba ta gani.

Mai karatu, zabiya ba tsafi ba ce, ba kuma alhakin wani ne ya kama iyayenta ba. Jikinta ne ba ya samar da isasshen sinadarin melanin, wanda ke ba fata da gashi da ido launi. Gadonsa ake yi daga uwa da uba gaba ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk. In dukansu suna ɗauke da ƙwayar halittar, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu a haifi zabiya. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci kwano ɗaya ko zama benci ɗaya. Amma rashin sinadarin yana raunana gani, ya sa ido rawa, haske ya riƙa kashe shi, kuma sau da yawa tabarau ba ya gyara shi duka. Rana kuma tana ƙona fatarsu, har takan kai ga ciwon daji.

To ku dubi makarantunmu. A tsayar da yara a filin taro cikin zafin Afrilu. Wanda ya makara ya yi kneel ɗin nan na gwiwa biyu a rana. Kayan makaranta gajeren hannu, hula kuwa an hana. In uwa ta je ta roƙi alfarma sai a ce mata, "Hajiya, doka ɗaya ce ga kowa, ba ma nuna bambanci." Nan ne fa nake da ja. Yatsun hannu ma ba tsayinsu ɗaya ba. In ka ɗora wa yara arba'in doka guda, ta zame wa talatin da tara sauƙi, ta zame wa ɗaya azaba, ba adalci ka yi ba, ka dai sauƙaƙa wa kanka aiki.

Wani zai ce makarantar da ba ta da kujeru ina ta ga kuɗin wannan hidima. Ai abin da ake nema bai kai kuɗin alli ba. A zaunar da ita a bencin gaba, nesa da taga. Malam ya ƙara girman rubutu, ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa. A bar ta ta sa malafa da riga mai dogon hannu, ta tsaya a inuwa lokacin taro. Ranar jarrabawa a buga mata takarda da manyan baƙaƙe, a ƙara mata 'yan mintuna. Sannan a tambaye ta me ke damunta, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba a rasa doka ba. A Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Tun 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni a matsayin ranar zabaya. Sai dai doka ba ta shiga aji ta matsar da benci, sai malami ya tashi ya yi. Salif Keita na Mali, wanda duniya ke sauraren muryarsa, shi ma zabiya ne da ya sha ƙyama tun yana yaro. Su nawa irinsa muka kora gida da dariya?

Mu ma marubuta da laifinmu. Jarumarmu kullum fara ce sol mai dara-daran idanu, amma yaushe rabon da ka ga zabiya a littafi tana da suna, tana da buri, ana sonta?

Ba tausayi suke nema ba, mutunci suke nema. Ku kira su da sunayensu na yanka, ku tsawatar wa yaranku in sun tsokane su. Ni dai har gobe in na tuna yarinyar nan sai kunya ta kama ni. In wannan rubutu ya iske ki, 'yar'uwa, ki yafe mana.

Sai mun haɗu a mako na gaba.