Tartsatsi, Fat-fat da Kalmar "Sputter"

Kalmar Ingilishi "sputter" aikatau ce mai nufin fitar da ƙananan sautukan fashewa a jere, sau da yawa tare da feshi. Bature kan yi amfani da ita ga mai a kan wuta, da injin da ke shirin mutuwa, har da mai fushin da ke magana yawu na fita. Kuskure ne malami ya ba ɗalibai fassara guda ya wuce, domin Hausa ba ta tattara waɗannan ma'anoni a kalma ɗaya ba.

Mai suyar kifi a Tiga cewa take yi mai yana tartsatsi idan ruwa ya ɗiga a kasko. Ɗan acaɓa a Kwanar Ɗangora zai ce babur yana fat-fat. Masarar da ake gasawa a Doguwa kuwa tas-tas take yi. Irin su fat-fat da tas-tas su ne amsa-kama, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su. Abin takaici, wasu malamai kan soke su a insha'i, wai maganar ƙauye ce.

Ya fi kyau malami a Tudun Wada ya tambayi yara yadda ɗanyen itace ke yi a murhu, ya rubuta amsoshinsu a allo, sannan ya kawo kalmar Ingilishin.