Ina Marubutanmu Ke Ajiye Idanunsu In Sun Tashi Tafiya?

Mun gaji da karanta littattafan da ake ɗaukar jarumi a kai shi Landan ko Dubai, alhali kuwa mai littafin bai taɓa tsayawa ya dubi abin da ke bakin hanyarsa tsakanin Daura da Jos ba. Bahaushe dai ba baƙon tafiya ba ne, tun zamanin fatake da ayarin Gwanja. Amma tafiyar ɗan bokonmu ta yau ba ta wuce tasha, kasuwa da masauki ba. In aka ce masa a ratse gidan tarihi, sai ya yamutsa fuska ya ce wannan ai aikin Turawa ne da waɗanda suka rasa abin yi.

To, bari mu ɗauki Jos ɗin. Gidan tarihinta, wanda aka buɗe a 1952, yana da sashen kayan haƙar kuza, ga kuma tsofaffin kawunan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya ya hau dutse domin kwaso kuzar, wanda aka rufe a 1957. Wajen haƙar kuzar nan ne ma aka tono mutum-mutumin yumɓu na Nok, masu shekara fiye da dubu biyu. Duk wannan ba shi ne ya fi damunmu ba. Tsakanin 1942 da 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza, gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa ta hannun sarakuna da hakimai, ana kai su aikin tilas a ramukan Jos. Diban gwamna ke nan. Mutanen da suka saba da zafin rana aka jefa su cikin sanyin dutse, ba bargo, ba abinci isasshe, da yawansu can suka bar ƙasusuwansu. Ramukan suna nan har yau sun zama tafkuna. Wane labarin soyayya ne ya kai na angon da aka raba da amaryarsa aka tura shi Bukur ɗaukar kwanon ƙasa? Amma ina! Marubucinmu ya wuce ta gefen tafkin yana gyangyaɗi a mota.

Haka in ya je Ikko. Zai dawo da labarin gada da cunkoson motoci, ba zai nemi ganin tsohuwar hasumiyar fitila da ke Tarkwa, bakin mashigar teku ba. Irin fitilar nan ce ta riƙa nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, cikinsu har da masu kawo goron Gwanja, wanda jirgin ƙasa ya riƙa ɗauka zuwa Kano bayan da dogo ya isa can a 1911. Magangarar ruwa ta Matsirga kusa da Kafancan da ta Gurara kuwa, mu da ke koyarwa a nan Zango mun san wahalar bayyana wa yaron da iyakar saninsa rijiya da tafkin damina yadda kogi sukutum zai faɗo daga kan dutse. Zane a allo ba ya ƙara, ba ya feshi. Shafi guda na wanda ya gani da idonsa da ya ɗauke mana rabin aikin.

Za a ce ba kuɗi, hanya kuma ba ta da lafiya. Gaskiya ne, ba kuwa za mu ce wa kowa ya sayar da ransa ba. Amma nawa ne kuɗin mota daga Zango zuwa rijiyar Kusugu? Ko Zangon kanta: bayan jihadi ya ci Daura a 1805 Sarkin Gwari Abdu ya fita, a nan magadansa suka kafa gadon sarauta, har 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa Daura. A tambayi ’yan aji uku wannan, sai a ga ana kallon kallo, alhali suna iya lissafa kogunan Amurka. Masu cewa ziyarar kufai da tsofaffin rijiyoyi bidi’a ce, su tuna Alƙur’ani da kansa ya yi umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen na farko ya kasance. Kallo daban, bauta daban.

Abin ba sabo ba ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Ba su fi na yanzu kuɗi ba, sun dai fi su buɗe ido.

Don haka muna kira ga wannan mujalla da ta ware shafi biyu a kowace fitowa domin labarin tafiya, da sharaɗin mai rubutun ya taka wurin da ƙafarsa. Ƙungiya kuma, duk garin da za ta yi taron shekara, a ware yini guda a fita kallo. In Katsina ce, ga Gobarau cikin gari, ga Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani. In Daura ce, a iso Zango, za mu yi muku jagora.