Daga Wayarin Gida Zuwa Manyan Ayyukan Lantarki a Jalingo

Tun daga ranar 27 ga watan Agusta na shekarar 1991, sa'ad da aka yanke Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola aka mai da Jalingo babban birninta, garin bai huta da gine-gine ba. Da fari gidajen ma'aikata ne suka yi ta tashi, masu wayarin kuwa suka ci kasuwarsu. Daga baya, musamman bayan da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba cikin 2008, sai ga otal-otal, da asibitocin kuɗi, da rukunin kantuna, da gidajen ruwan leda, da injunan casar shinkafar da ake nomawa a fadamun Binuwai. To, duk mai wayarin da ya gaji da saka ƙwai da fanka, idonsa yana kan waɗannan manyan ayyuka, gama a nan ne kuɗin yake. Wannan ba abin zargi ba ne. Abin zargi shi ne mutum ya zaci aikin otal aikin gida ne da aka faɗaɗa.

Yawancin ƙananan gidaje layi ɗaya ake ja musu, mai ƙarfin bolt 230. Masana'anta kuwa layi uku take sha, watau abin da masu sana'a ke kira tiri-fes, inda ƙarfin da ke tsakanin layi da layi yake kai bolt 400. Aikin gwani na farko shi ne ya raba nauyin ginin daidai a kan layukan nan uku. In ya ɗora na'urorin sanyaya ɗaki duka a kan layi guda, wannan layi zai yi ta zafi alhali sauran biyu suna hutawa. Mafi muni kuma shi ne in wayar komawa, watau nutaral, ta kwance. Nan take wutar da ke shiga wasu ɗakuna za ta iya haurawa kusa da 400, ta ƙone talabijin da firiji da kwamfutoci kafin a kai ga makunni. Ƙusa ɗaya da ba a ɗaure sosai ba ta isa ta jawo wannan hasara.

Akwai wani tarko kuma da ba a cika ambata ba, shi ne launin wayoyi. A tsohon tsari na Ingila, wanda Nijeriya ta gada, ja da rawaya da shuɗi su ne masu wuta, baƙa ita ce nutaral. Cikin 2004 Ingila ta fara komawa ga tsarin Turai, inda ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka suka zama masu wuta, shuɗiya ta zama nutaral. Watau baƙar da aka saba kamawa ba tsoro ta zama mai kisa, shuɗiya kuwa ta sauya matsayi. Wayoyin tsari biyun nan duka suna nan a kasuwanninmu, har akan tarar da su a gini ɗaya. Wanda ya dogara ga launi bai sa na'urar gwaji ba, ya sayar da ransa da arha.

Sai kuma injuna. Babbar mota ta lantarki, irin wadda ke juya injin casa, tana jan wuta wajen ninki shida na abin da ta saba a lokacin da take tashi, shi ya sa ake haɗa mata na'urar tayarwa ta musamman. In kuwa aka musanya waya biyu daga cikin ukun, sai ta juya da baya. Wanda ya shekara goma yana wayarin gidaje yana iya zama bai taɓa gamuwa da wannan ba ko sau ɗaya. Haka nan makunnin sauyawa tsakanin janareto da wutar kamfanin rarraba lantarki na Yola, wanda har yanzu jama'a ke kira NEPA: in an haɗa shi da ganganci, wutar janareto za ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ya hau turke yana zaton an ɗauke wuta.

Batun takarda ba shi da tsawo. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da shaidar gwajin sana'a mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke ba masu harhaɗa lantarki shaidar ƙwarewa, ita ke kuma duba aiki. Babban ɗan kwangila yakan nemi waɗannan, tare da rajistar sunan kasuwanci, kafin ya saurari mutum.

Amma inda ƙafar mutane da yawa ke karyewa shi ne wajen kuɗi. Mai gida yakan sayo kaya da kansa, ya biya ladan aiki da yamma. A aikin kwangila kuwa mai wayarin ne zai karanta zanen injiniya, ya ƙidaya kowane mita na waya, ya rubuta farashi, sa'an nan ya jira biya kashi-kashi, a kuma riƙe masa wani abu sai bayan watanni an ga aikin bai ba da matsala ba. Kafin nan farashin tagulla ya tashi. A nan ne Shaiɗan yakan raɗa masa ya sa siririyar waya a inda zane ya ce mai kauri, tun da bango zai rufe asiri. Bango kuwa yakan rufe, har ranar da aka kunna kome a lokaci ɗaya.

Hanyar da ta fi aminci tana da ɗaci, domin sai maigida mai yara uku ko huɗu a ƙarƙashinsa ya yarda ya koma yaron wani, ya bi gwanin manyan ayyuka shekara ɗaya ko biyu yana jan waya yana riƙe tsani, yana karɓar abin da bai kai rabin samunsa na da ba. Waɗansu sukan raba mako biyu, kwana huɗu a wurin koyo, sauran kwanakin su koma ga gidajen tsofaffin abokan cinikinsu don kada tukunya ta sauka daga murhu.