Darasin Da Ke Kan Allo Da Abin Da Ke Cikin Tukunya

Babu malamin firamare a cikinmu da bai taɓa tsayawa gaban allo ya rarraba wa yara abinci gida uku ba: mai gina jiki, mai ba da ƙarfi, da mai kare jiki daga cuta. Mukan zana kifi da ƙwai da wake, mu zana lemo da alayyahu, yara su haddace, su ci jarrabawa. Ana buga ƙararrawar tara kuwa sai su ruga bakin ƙofa su sayi fanke da alawa da ruwan zaƙi mai launi a leda, mu kuma mu aika a sayo mana biredi da lemon kwalba. Lokaci ya yi da za mu tambayi kanmu dalilin da ya sa darasin nan ba ya ƙetare ƙofar aji.

Amsar da ta fi sauƙin faɗi ita ce jahilci ko kwaɗayi. Ba mu yarda da ita ba, domin lissafi ya ƙaryata ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta riƙa fitar da farashin abinci mai lafiya mafi araha da baligi ɗaya yake bukata a yini, kuma a tsakiyar 2024 adadin ya haura naira 1,200. A wannan ma'auni, gida mai mutum shida yana bukatar kusan naira 216,000 a wata domin abinci kaɗai. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin shekarar naira 70,000 ne. Ko an rage rabon yara, ko an yi la'akari da cewa kasuwannin Arewa sun fi sauƙi, giɓin ba ya cikewa, kuma ba a zo ga kuɗin haya da magani da mota ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon kaya ya hau kan kowane mudu, har hauhawar farashin abinci ta zarce kashi 40 cikin 100 a 2024. Malamin firamare kuwa, wanda albashinsa ke biyowa ta hannun ƙaramar hukuma, yakan zama na ƙarshe da ƙari ke isa gare shi. Sai da abokan aikinmu na Abuja suka shafe watanni suna yajin aiki a 2025 a kan haƙƙin da doka ta riga ta ba su.

Idan kuɗi ya gaza, uwar gida ba ta daina girki. Sauya abin da ke shiga tukunya take yi. Nama ne ke fara fita, sai kifi, sai ƙwai da madara, sai 'ya'yan itace, a bar abin da ke cika ciki da kuɗi kaɗan: fulawa, taliya, farar shinkafa, garin kwaki, mai da sukari, sai ɗunƙulen ɗanɗano da zai rufe asirin miyar da ba ta da komai. Da babu gara ba daɗi. Irin wannan cima tana ba jiki ƙarfi fiye da bukatarsa, tana hana shi sinadaran da yake nema, shi ya sa mutum ke yin teɓa alhali jikinsa na cikin yunwa.

Akwai wasu dalilai da masu ba da shawara daga ofis ba sa gani. Wake abinci ne na gari, amma yana cin gawayi ko gas na sa'a guda ko fiye, ita kuwa taliyar leda minti biyar ta nuna. Malamar da ta tashi aiki ƙarfe biyu, ta wuce darasin yamma domin cike giɓin albashi, ba ta da wannan sa'a. Ganye da tumatir ba sa kwana biyu a gidan da babu wuta balle firji. Sannan ga bashi. Daga tsakiyar wata yawancinmu a littafin mai kanti muke ci, shi kuma mai kanti abin da ba ya lalacewa yake ajiyewa: sukari, taliya, mai, biskit. Mai kayan gwari da mai kifi kuɗi hannu suke so. Ashe jinkirin albashi ma yana da hannu wajen zaɓar mana abin da za mu ci.

Sakamakon yana gabanmu kullum. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Binciken dai ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce kima. Ba abin mamaki ba ne a ga uwa mai ƙiba riƙe da hannun ɗan da bai kai tsawon sa'o'insa ba, kuma daga tukunya ɗaya suke ci. Yaron nan shi ne zai zauna a ajinmu yana gyangyaɗi, mu yi ta fama da shi a kan karatu, alhali sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Al'adarmu ma ta ƙara wa wutar mai. Idan malami ya ajiye tumbi sai a ce hutu ya zo, idan amarya ta yi ƙiba sai a yaba wa ango, har ta kai wasu mata na shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ba tare da izinin likita ba. A bayan wannan yabo hawan jini da ciwon suga suke laɓewa, cututtukan da ba a gama shan maganinsu, kuma kuɗin maganin daga albashin nan da bai isa abinci ba zai fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin giram 50 na sukari a yini. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita takan cinye wannan kason gaba ɗaya, mu kuwa da ita muke karrama baƙo a kowane taro, har da tarukan wannan reshe.

Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Ba mu ƙi ba, amma tsadar da lemo ba ta sa ƙwai ya yi araha. Abin da ya fi kusa da yaranmu shi ne shirin ciyar da ɗaliban aji ɗaya zuwa uku da aka fara a 2016. Yana da nasa kurakurai, mun kuma gan su da idonmu, amma mun ga yadda aji ke cika a ranar da abinci ya zo. An dakatar da shi a watan Janairun 2024. Muna kira da ya tsaya da ƙafarsa a kowace makaranta, a riƙa sayen wake da gero da ganye daga manoman yankin, a kuma sa malamai da iyaye cikin masu sa ido.

A namu ɓangaren, ƙungiyar adashin reshe za ta iya sayen wake da gero da waken suya da gyaɗa a kan sari lokacin kaka, a raba wa mambobi, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan. Makarantun da ke da fili da ruwa su shuka zogale da rama da yakuwa a bayan azuzuwa. Muna roƙon shugabannin reshe su sa waɗannan biyu cikin ajandar taro mai zuwa, su kuma gayyaci ma'aikacin lafiya ya auna jinin duk wanda ya halarta, ranar nan kuma a ajiye mana ruwa da gyaɗa a kan teburi.