ZAUREN 'YAN MATA: Tafin 'Yan Kallo Ba Shi Ne Hukunci Ba

Masu aiko min da tambayar littafina na gaba, don Allah a ƙara haƙuri, yana nan tafe in Allah Ya yarda.

Yau na so mu ɗora kan zancen lefe da muka faro, sai wani abu ya faru a gidanmu da ya sa na ajiye shi gefe.

Ranar Asabar ɗin nan ƙanwata 'yar aji biyar ta wakilci makarantarsu a gasar muhawara. Sati uku ta yi tana shiri, ta hana mu barci da haddar jawabi. Da la'asar sai ga ta ta shigo rungume da kofi, amma idanun nan sun yi jawur. Ko gaisuwar kirki ba ta yi ba, ta wuce ɗaki ta faɗa kan gado. Umma ta ce, "Ikon Allah! Ke kuma wace iri ce, kin ciyo kofi kina kuka?"

Na bi ta ɗaki na yi ta lallashi, da ƙyar ta buɗe baki. Ta ce, "Yaya, wallahi da na san haka za a yi da ban je ba. Akwai wata yarinya mai baki kamar rediyo, duk kalmar da ta faɗa sai ɗakin ya ɗauki tafi da shewa. Da aka kira sunana a ta ɗaya sai ihu kawai nake ji, ba mu yarda ba, an yi son kai. Har na sauko babu wanda ya tafa min sai malamarmu."

Allah sarki! Na rasa abin da zan ce mata, sai na tuna wani labari na gaskiya da na taɓa karantawa. Shi na ba ta a daren, shi kuma zan ba ku yau.

A birnin Warso na ƙasar Polan akwai wata gasa da ake yi ta kaɗa fiyano. Ga wadda ba ta sani ba, fiyano wani babban abin kiɗan Turawa ne, kamar teburi mai murfi, yana da maɓallai 88, farare 52 baƙaƙe 36. A zaune ake kaɗa shi da yatsu goma, ana taka wasu ƙarafa da ƙafa. An fara gasar a 1927, kuma tun daga 1955 kusan duk bayan shekara biyar ake yin ta. Ana yin ta ne don tunawa da wani makaɗinsu mai suna Chopin, wanda aka haifa a 1810 ya mutu a Paris a 1849 yana ɗan shekara 39. Don ku san irin son da ke tsakaninsa da ƙasarsa, gawarsa a Faransa aka binne ta, amma zuciyarsa yayarsa ce ta ɗauko ta ta kawo Warso, tana nan ajiye a wani coci. Duk wanda ya shiga gasar kiɗan da Chopin ya rubuta zai kaɗa. Samari ne da 'yan mata, yawancinsu ba su kai shekara talatin ba, kuma ana tace su zagaye bayan zagaye har kusan sati uku.

Kallon nasu ma daban yake da namu. Ba rawa, ba guɗa, ba liƙi. Mutum kusan dubu za su cika ɗaki su yi tsit, ko tari mutum ya yi sai an harare shi. Yarinya 'yar shekara goma sha takwas za ta fito ita kaɗai, ta zauna gaban wannan taro, ta yi kusan awa ɗaya tana kiɗa da ka, ba takarda a gabanta. Sai ta ɗaga hannu ta gama sannan ɗakin zai fashe da tafi. To a nan ne ake gane wanda 'yan kallo suke so. Wani a tafa masa kaɗan don kara, wani kuwa a miƙe tsaye a yi ta yi, ya shiga ciki a sake kiransa ya fito.

A gasar 1980 samari biyu suka zo, dukkansu haihuwar 1958, dukkansu kuma a Mosko suke karatu. Na farko sunansa Ivo Pogorelich daga ƙasar Yugoslabiya ta wancan lokaci. Ke dai bari, 'yar uwa! Dogo ne kyakkyawa, ga gashi ga ji da kai. Inda sauran ke sa kwat kamar masu zuwa ofis, shi sai ya fito da irin shigar da ya ga dama. Kiɗan ma haka, inda aka saba gudu sai ya yi a hankali, inda aka saba sassautawa sai ya dake. Tsofaffin alƙalai wasu suka haɗe rai, suka ce wannan ba haka Chopin ya rubuta ba. 'Yan kallo kuwa, musamman matasa, sai suka haukace a kansa. Ko'ina zancensa ake yi.

Tun a zagayen farko wani alƙali ɗan Ingila, Louis Kentner, ya yi fushi ya ajiye aiki don an bar wannan yaro ya wuce. Da aka zo zagaye na uku kuwa sai aka fitar da Pogorelich, bai kai na ƙarshe ba. Nan fa gari ya ɗauka. Wata alƙaliya 'yar Ajantina, Martha Argerich, wadda ita ma ta taɓa cin gasar a 1965, ta miƙe ta ce yaron nan baiwa ce da shi ta musamman, ita ba za ta ci gaba da zama a cikin alƙalan ba. Ta ajiye aiki ta yi tafiyarta. Jaridun duniya suka ɗauka. Kun ga yaro ɗaya ya sa alƙalai biyu barin kujera, ɗaya don an wuce da shi, ɗaya don an fitar da shi.

To ana cikin wannan hayaniya, wa ya ci gasar? Saurayi na biyu, Dang Thai Son daga ƙasar Biyetnam, wanda kafin zuwansa kusan babu wanda ya taɓa jin sunansa. Siriri ne, shiru-shiru, mai kunya. A birnin Hanoi aka haife shi, mahaifiyarsa malamar fiyano ce, ita ta fara koya masa. Yana yaro yaƙin Biyetnam ya tsananta, jiragen Amurka na ruwan bama-bamai, aka kwashe makarantar kiɗan tasu zuwa ƙauye. Fiyanon ma a keken shanu aka ɗauke su, danshi ya lalata su, ɗalibai na layi kowa ya taɓa na ɗan lokaci. A haka ya koya, ana gudun ɓuya a rami ana dawowa. Sai a 1974 wani makaɗi daga Rasha ya ji shi, aka yi hanyar da ya tafi Mosko karatu. Lokacin da ya zo Warso bai taɓa kiɗa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ba, alhali a zagayen ƙarshe dole sai da ita. Duk da haka ya zo na ɗaya, ya zama mutumin nahiyar Asiya na farko da ya ci wannan gasa.

Na ce da ƙanwata, yanzu ki sa kanki a matsayinsa. Ka taso cikin yaƙi, ka sha wuya, ka ciyo abin da babu wani ɗan nahiyarku da ya taɓa ci, amma jaridun Turai labarin wanda aka fitar suka fi bugawa. Mutane na ta raɗe-raɗin cewa siyasa ce ta yi aiki. Me ya yi wa wani? Shi ya ba kansa maki? Shi dai ya zauna ya kaɗa abin da ya iya. Ta share hawaye ta ce, "Yaya, to shi bai yi kuka ba?" Na ce ni dai abin da na sani, bai tsaya cacar baki da kowa ba, ya ci gaba da aikinsa.

Kada ku ce ina nufin Pogorelich bai iya ba. Ya iya, yabon gwani ya zama dole. Faɗuwar tasa ma sai ta zame masa gobarar Titi. Wani babban kamfanin faifai na Jamus ya ɗauke shi, a 1981 ya yi wasa a shahararren ɗakin nan na Carnegie da ke Niyok, faifansa suka yi kasuwa. Ga masu son labarin soyayya kuma, a shekarar gasar ce ya auri malamarsa Aliza Kezeradze, wadda ta girme shi da shekara 21. Suka zauna tare har ta rasu a 1996. Mutuwarta ta girgiza shi ƙwarai, ya daɗe bai koma wasa kamar da ba. Da ya dawo, salonsa ya ƙara canzawa, kuma cikin masu sauraro da masu sharhi aka samu da yawa suna kushe shi. Kun ji halin 'yan kallo. Bakin da ya yi maka guɗa jiya, shi zai yi maka tsaki gobe.

Shi kuwa Dang Thai Son ya yi ta yawon duniya yana wasa, daga baya ya zauna a ƙasar Kanada yana koyarwa. A 2021 aka sake yin gasar a wannan birni na Warso, bayan annobar korona ta sa an ɗaga ta daga 2020. Wanda ya ci, Bruce Liu ɗan Kanada, ɗalibinsa ne. A 2025 kuma Eric Lu ɗan Amurka ya ci, shi ma ya yi karatu a hannunsa. Wanda aka yi wa kallon ya ci da sa'a, bayan shekara arba'in ga yaransa suna ɗauke kofin sau biyu a jere. Gaskiyar Bahaushe da ya ce zakaran da Allah Ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.

Ba kuma kullum 'yan kallo ke kuskure ba, kada in zalunce su. A 1958 Tarayyar Sobiyet ta shirya irin wannan gasa a Mosko, lokacin ba sa ga maciji da Amurka. Sai ga wani dogon saurayi ɗan shekara 23 daga jihar Teksas, Van Cliburn, ya zo ya sace zukatan Rashawa. Da ya gama kiɗan ƙarshe mutane suka miƙe tsaye suna tafi wajen minti takwas, 'yan mata na ta kai masa furanni. An ruwaito cewa sai da aka tuntuɓi shugaban ƙasar, Khrushchev, kafin a ba ɗan ƙasar abokan gaba kyautar, shi kuma ya ce in dai shi ya fi a ba shi. A nan son jama'a da hukuncin alƙalai sun haɗu. Wani lokaci su haɗu, wani lokaci su rabu, shi ya sa tafi kaɗai ba ya zama shaida.

Dalili kuwa, abin da ɗan kallo ke gani daban, abin da alƙali ke aunawa daban. Ɗan kallo yana bin abin da ya taɓa masa zuciya a wannan minti, ko kyan fuska, ko ƙarfin hali, ko don ɗan garinsu ne. Alƙali yana riƙe da takarda da ƙa'ida, yana lura da abin da mu ba mu ma san ana lura da shi ba. Shi ma ɗan Adam ne, yana iya kuskure, yana iya son kai. Amma ko ya yi, laifin ba na yarinyar da aka miƙa wa kofi ba ne.

Saboda haka ƙannena, magana biyu zan bar muku.

Ta farko, ranar da kike cikin 'yan kallo, ko muhawara ce, ko kacici-kacici, ko wasan kwaikwayo na makaranta, ki tafa wa wadda kike so har hannunki ya yi zafi, ba wanda ya hana. Amma kada ki yi wa ɗaya ihu. Wadda ke tsaye a gaban nan 'yar wani ce, ƙafafunta rawa suke yi, ta yi kwana da kwanaki ba barci. Ihun da kika yi na minti ɗaya kika manta, ita za ta shekara tana jin sa a kunnenta. Na san wata ƙawata da muka yi makaranta tare, an taɓa yi mata dariya a taro don ta yi in'ina, har muka gama ba ta ƙara ɗaga hannu a aji ba, alhali duk ta fi mu ƙwaƙwalwa.

Ta biyu, ranar da ke ce a gaba, kada ki auna kanki da ƙarar tafi. In an tafa miki ki gode, kada kanki ya kumbura, ganga in ta cika zaƙi fashewa take. In ba a tafa ba ki koma gida ki duba aikinki, inda gyara ki gyara. Ni kaina da na fitar da littafina na farko, akwai waɗanda suka yi ta zuga ni har na ɗauka na gama iyawa. Wata tsohuwar malamata ce ta zaunar da ni ta nuna min kurakurai shafi-shafi da jan biro. Ranar na ji haushinta, yau kuwa ita nake yi wa addu'a.

Kofin ƙanwata yanzu yana saman kabad ɗin Umma, kusa da jeren kwanuka. Jiya na ji ta tana cewa in sun sake haɗuwa da yarinyar nan za ta je ta gaishe ta, don ita ma ta yi ƙoƙari. Na ce to madalla, yanzu kika ci gasar.

Wadda irin wannan ta taɓa samu, ko an yi mata ihu ko ita ta yi wa wata, ta rubuto mana mu ji. A fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan zancen lefe.

Taku har kullum, mai ƙaunarku.