Awon Ciki Da Zafin Naƙuda: A Daina Auna Mace Da Shirunta



Akwai wani yabo da ake yi wa mai jego a gidajenmu wanda ya kamata mu zauna mu sake dubawa. Za ka ji ana cewa, "Wance jaruma ce, ko tari ba ta yi ba har ta sauka." Wadda kuwa ta yi kuka ko ta kira sunan mahaifiyarta, sai ta zama abin tsokana har ranar suna, wani lokaci har ɗan ya girma ana ba shi labari. Mun taso mun tarar da haka, musamman a haihuwar fari, inda kunya kan hana yarinya ko da faɗin cewa naƙuda ta fara. Kuma mun ɗauko al'adar daga gida mun kawo ta Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Sabon Ibadan da Fatakwal, duk inda muka yi zango.

Ra'ayinmu a kan wannan a fili yake. Mace tana da haƙƙin ta san hanyoyin rage zafin naƙuda tun kafin ranar ta zo, ta zaɓi wadda take so, ko ta ce ba ta buƙatar ko ɗaya. Wurin awon da ya cancanci mu kai matanmu shi ne wanda zai koya mata wannan, da harshen da take ji.

Dalilinmu na farko shi ne shirun nan yana da haɗari. Yarinyar da aka koya wa cewa faɗin ciwo abin kunya ne, ba za ta bambanta ciwon da ya kamata a daure da wanda ya kamata a ruga asibiti ba. Za ta yi shiru a kan matsanancin ciwon kai da ganin dishi-dishi, alhali su ne kan zo kafin jijjiga. Za ta yi shiru a kan zubar jini. Za ta kwana biyu a ɗaki tana murƙususu, kan ɗa ya tokare, har naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa ya mutu. Daga nan ne yoyon fitsari yake samuwa, ciwon da ya sa aka ware masa cibiyoyi na musamman a Babbar Ruga ta Katsina da Abakaliki. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To ranar haihuwa ma ba a ɓoyon ciwo.

Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na matan Najeriya suna zuwa awo wurin ma'aikacin lafiya, amma kashi 39 ne kacal suke haihuwa a asibiti. A Arewa maso Yamma, inda da yawanmu muka fito, adadin bai kai kashi 20 ba. Wato mata da yawa suna karɓar kati, a auna su, a ba su magani, amma in ranar ta zo sai su zauna a gida. Kuɗi da nisa suna cikin dalilai. Amma akwai tsoro ma: tsoron tsawa, tsoron ƙari, tsoron ɗinki, da rashin sanin abin da za a yi mata in ta shiga ɗakin nan. Awo mai kyau shi ne wanda yake cire wannan tsoron tun da wuri.

Mu duba yadda muke zaɓen wurin awo a nan Kudu. Yawanci maigida yakan tambayi abu biyu, wane ne ya fi kusa kuma wane ne ya fi sauƙin kuɗi. Tambayoyi ne masu kyau, amma ba su isa ba. A mafi yawan asibitocin nan, kafin a fara ganin mata akan tara su a yi musu lacca, a yi waƙa da tafi, a yi bayanin abinci da tsafta da alamomin haɗari. Wannan laccar ita ce makarantar mai ciki. Sai dai da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka ake yin ta. 'Yar uwarmu da aka kawo daga Sakkwato ko Zariya wata shida da suka wuce tana zaune a layin baya, tana tafi in an yi tafi, ta karɓi maganinta ta koma gida ba ta ɗauki komai ba. A kan kati an rubuta ta zo awo sau biyar, amma ilimin da aka tanada domin ta bai kai gare ta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, zuwan farko kuma ya kasance cikin makonni 12 na farko. A da sau 4 ake cewa. Ba don gwajin jini da hawan jini da allurar rigakafi kaɗai aka ƙara yawan zuwan ba, har da samun lokacin da mace za ta yi tambaya a ba ta amsa. A 2018 kuma hukumar ta fitar da shawarwari kan kula da mace lokacin naƙuda, inda ta sa rage zafi cikin abin da ya dace a ba duk macen da ta nema.

Hanyoyin sun kasu kashi uku, kuma ya kamata kowace mai ciki ta ji bayaninsu a wurin awo.

Na farko, hanyoyin da ba su buƙatar magani. Jan numfashi a hankali lokacin da mara ta murɗa, zagayawa a tsaye maimakon kwanciya wuri ɗaya, matsa ƙugu, ɗora tsumma mai ɗumi a baya, shan ruwa da ɗan abinci marar nauyi in babu wata matsala. Sai kuma wanda ya fi su duka, wato samun wata da ta yarda da ita a kusa, uwa ko yaya ko ƙawa. Kakanninmu sun san yawancin waɗannan, kuma likitancin zamani ya yarda da su.

Na biyu, allurar rage zafi da ake yi a cinya ko a jijiya, irin su fetidin da fentazosin. Su aka fi samu a asibitocinmu. Suna rage kaifin ciwon, ba sa ɗauke shi gaba ɗaya. Sukan sa jiri da tashin zuciya da gyangyaɗi, kuma in an yi su dab da fitowar jariri suna iya sa ya yi nauyin numfashi, shi ya sa ungozomar asibiti take duba inda naƙuda ta kai kafin ta yi.

Na uku, allurar baya da ake kira efidural. Likitan sa barci ne yake yin ta, yana zura wani siririn bututu a ƙasan baya, a riƙa sa magani ta ciki yana kashe zafin daga ƙugu zuwa ƙasa, mace kuma tana farke tana magana. Ita ce ta fi kowace hanya ɗauke ciwo. Tana iya saukar da bugun jini zuwa ƙasa, tana iya ƙara tsawon lokacin nishi, kuma ƙalilan daga cikin mata sukan yi ciwon kai na 'yan kwanaki bayanta. Maganar da ake yaɗawa cewa tana jawo ciwon baya na har abada, ko tana sa dole a yi wa mace tiyata, binciken likitoci bai gaskata ta ba. An fi samunta a manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu, kuma tana da tsada.

Akwai wani abu da muke so kowace 'yar uwa ta riƙe. In an yi wa mace ƙari, ko ta ƙaru da kanta, ka'ida ita ce a yi mata allurar kashe zafi a wurin kafin a fara ɗinki. Wannan ba alfarma ba ce. Mata da yawa sun ɗauka ɗinki da rai wani ɓangare ne na haihuwa, saboda babu wanda ya taɓa gaya musu akwai allurar. Wadda ta sani za ta nema.

Mun san abin da wasu za su ce. Za a ce iyayenmu sun haifi goma goma babu allura. Gaskiya ne, Allah ya saka musu da alheri. Amma mu tuna masu ba da labarin su ne waɗanda suka rayu, kuma kusan kowane dangi yana da wadda ta tafi wurin haihuwa. Kuma da wuya ka samu uwar da za ta ce tana so 'yarta ta sha wahala don kawai ita ma ta sha.

Za a ce ladan haihuwa yana cikin wahalarta. Wannan magana ce ta malamai, kuma su ya kamata a tambaya. Abin da muka sani shi ne Suratu Maryam ta ba mu labarin yadda naƙuda ta tsananta ga mafificiyar mata har ta furta abin da take ji, kuma abin da ya biyo baya lallashi ne da dabino da ruwa. Ba mu taɓa jin an hana mai ciwon haƙori magani don kada ladansa ya ragu ba. Maƙwabtanmu a nan Kudu ma suna da irin nasu matsin, inda ake yi wa mace fatan ta haihu kamar matan Ibraniyawa, har wasu su ƙi tiyata ko da likita ya ce dole. Gardamar kuma tsohuwa ce. A Ingila, lokacin da Sarauniya Biktoriya ta karɓi maganin shaƙa wurin haihuwar ɗanta a 1853, wasu likitoci sun soki abin. Yau a can tambayar mace wace hanya take so ya zama ruwan dare.

Za a ce babu kuɗi. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba za mu raina ta ba a wannan zamani na tsadar rayuwa. Sai dai kashi na farko kyauta ne, na biyu bai kai na uku tsada ba, sanin farashi tun ciki yana wata huɗu kuma yana ba mutum damar tanadi. Mutumin da ya fara ajiyar kuɗin ragon suna da atamfofin fitar suna tun da wuri, zai iya ware wani abu domin jikin da zai haifo ɗan.

Kada kuma a fahimce mu a baibai. Ba muna cewa kowace mace sai ta yi allura ba. Akwai wadda za ta ji duk bayanin ta ce ita numfashi da addu'a da hannun mahaifiyarta sun ishe ta, kuma zaɓinta abin girmamawa ne. Wurin awon da yake tsorata mata don su sayi allura mai tsada, da wanda yake cewa mace ta gari ba ta neman magani, duk laifinsu ɗaya, sun yanke mata hukunci ba tare da sun tambaye ta ba. Sannan muna gargaɗi da babbar murya a kan sayen maganin ciwo ko allurar saurin naƙuda a kemis, da jiƙe-jiƙen da ba a san ƙarfinsu ba. Allurar da ke ƙara naƙuda in an yi ta ba bisa ƙa'ida ba tana iya fasa mahaifa, wasu magungunan ciwon jiki kuma suna cutar da ɗan ciki a watannin ƙarshe.

Saboda haka, kafin a yanki kati a ko'ina, ga tambayoyin da muke ba da shawara a yi:

1. Da wane harshe ake laccar masu ciki, kuma akwai ma'aikaciyar da ke jin Hausa, ko za a bari mace ta zo da mai fassara?
2. Waɗanne hanyoyin rage zafi ake da su a nan, kuma nawa ne kuɗin kowace?
3. Ana barin 'yar rakiya ta zauna da mai naƙuda?
4. Akwai ma'aikata da dare da ƙarshen mako?
5. In haihuwa ta zo da gardama, ana tiyata da ƙarin jini a nan, ko ina ake tura mutum, kuma da wace mota?

Wurin da ya amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, alama ce za a saurari matarka ranar da take buƙata. In kuma an shirya za ta tafi goyon ciki gida, a yi waɗannan tambayoyin a asibitin can tun kafin ta tashi, ta tafi da katinta da sakamakon gwaje-gwajenta, kada a bari sai wata tara a ɗora ta a doguwar mota.

Ga iyayenmu mata da surukai, ku ne kuke da ikon canza wannan al'ada fiye da kowa. In Hajiya ta ce wa surukarta, "'Yata, in kin ji ciwo ki faɗa, babu kunya a ciki," ta buɗe ƙofar da likita goma ba za su iya buɗewa ba. Ga magidanta, raka iyali awo ko sau ɗaya ba ya rage girma, kuma sa hannu da biyan kuɗi sukan dawo kanku, gara ku san abin da za ku sa wa hannu. Ga 'yan uwanmu mata da suka daɗe a nan suna jin Yarbanci ko Turanci, ku ɗauki sababbin zuwa ku zauna kusa da su a wurin lacca kuna fassara musu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

In za mu yi yabo a gidan suna, mu yabi wadda ta je awo a kan lokaci, ta yi tambaya, ta faɗi ciwonta, ta sauka lafiya ita da abin da ta haifa.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu, ya jiƙan iyayenmu da 'yan uwanmu da suka rasu wurin haihuwa. Amin.